Koya wa yara labaran Hawai'i na dā: amsa ga wata malamar firamare

Tambaya: Wata malama mai koyar da 'yan aji huɗu zuwa shida ta rubuto tana cewa ɗalibanta sun kalli fim ɗin zane na kamfanin Disney mai suna Moana, tun daga ranar suka dame ta da tambayar wane ne Maui. Tana so ta ware 'yan makonni ta koya musu tatsuniyoyi da al'adun Hawai'i. Ta tambayi yadda mutanen can suke koya wa nasu 'ya'yan, da labarin da ya kamata ta fara da shi, da kuma yadda za ta yi da maganar alloli, tunda yaran ajinta 'ya'yan Musulmi ne da Kirista.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Kafin komai, ki sanar da yaran cewa fim ɗin da suka kalla ya tsinto abubuwa ne daga tsibirai da dama na tekun Pasifik ya gauraya su. An san Maui a Hawai'i, an san shi a Tahiti da Samowa da Tonga, har zuwa wajen Maori na Niyu Zilan, kuma kowace al'umma da yadda take ba da labarinsa. Tunda Hawai'i kika zaɓa, to ki tsaya a Hawai'i.

Babban abin da nake so ki riƙe shi ne wannan: a Hawai'i kusan kowane labari yana da mazauninsa. Akwai dutsen da ya faru a kai, ko rafin, ko tsiron, kuma akwai mutanen da har gobe suke ganin labarin ya ɗora musu wani nauyi game da wurin. Malamin da ya ciro labarin shi kaɗai ya karanta wa yara, ya bar wurin da mutanen a baya, ya ba su rabin abu ne. Malaman can da suka ƙware a wannan aiki da taswira suke farawa, ko su kwashi yaran su kai su wurin da ƙafarsu.

Sai kin san abin da ya sami mutanen nan za ki gane dalilin da ya sa suka ɗauki darasin da muhimmanci haka. Hawai'i tarin tsibirai ne a tsakiyar tekun Pasifik, manyansu takwas. Kyaftin Cook ɗan Ingila ya isa can a 1778, kuma cututtukan da baƙi suka shigo da su sun yi wa 'yan ƙasa mummunar ɓarna: daga dubu ɗaruruwa, zuwa ƙarshen ƙarni na 19 sun koma kusan 40,000. Sarki Kamehameha na ɗaya ya haɗe tsibiran ƙarƙashin sarauta guda a 1810. Bayan rasuwarsa a 1819, gidan sarautar da kansa ya rushe tsarin kapu, wato dokokin hani na tsohon addini, sai ga 'yan mishan daga Amurka sun iso a 1820. Mutanen Hawai'i suka rungumi karatu da rubutu hannu bibbiyu. Jaridarsu ta farko ta fito a 1834, kuma daga lokacin zuwa 1948 an buga jaridu fiye da ɗari da harshensu. A cikin jaridun nan ne malamai irin su Samuel Kamakau suka zuba tarihi da labaran kakanni, mako bayan mako. Ranar 17 ga Janairun 1893 wasu 'yan kasuwa, akasarinsu masu tushen Amurka, suka kifar da Sarauniya Lili'uokalani da goyon bayan sojojin ruwan Amurka. A 1896 aka yi dokar da ta mai da Turanci harshen koyarwa a makarantu. Dattawa da yawa sun ba da labarin yadda aka riƙa hukunta su a makaranta saboda sun yi magana da harshen iyayensu. Amurka ta haɗiye tsibiran a 1898, suka zama jiha ta 50 a 1959. Zuwa farkon shekarun 1980, yaran da ke jin harshen sosai ba su kai 50 ba, yawancinsu a ƙaramin tsibirin Ni'ihau.

Daga bakin wannan rami aka juyo. A 1978 aka gyara kundin tsarin mulkin jihar, harshen Hawai'i ya zama harshen hukuma tare da Turanci, aka kuma wajabta wa gwamnati koyar da al'ada da tarihi da harshen 'yan ƙasa a makarantunta, tare da amfani da masana na cikin al'umma. Wannan ƙarshen jimlar ita ta buɗe wa dattawa ƙofar aji. Tun daga 1980 ake ɗaukar kupuna, wato kakanni da masu ilimin gargajiya, suna zagaya azuzuwan firamare suna koyar da waƙa da labari da sana'ar hannu. A manhajarsu, 'yan aji huɗu ne ke karanta rayuwar Hawai'i kafin zuwan Turawa, 'yan aji bakwai su karanta zamanin masarauta, a babbar sakandare kuma a karanta tarihin zamani. Ban da wannan, wasu iyaye da malamai sun kafa ƙungiyar 'Aha Punana Leo a 1983, suna koyi da abin da Maori suka fara, suka buɗe makarantar renon yara ta farko a Kekaha ta tsibirin Kaua'i a 1984, inda ba a magana da kowane harshe sai na Hawai'i. An cire shingen doka a 1986, shekara guda bayan haka makarantun gwamnati biyu, ɗaya a Waiau ɗaya a Keaukaha, suka fara koyar da komai da harshen, har lissafi. Rukunin farko ya kammala sakandare a 1999. Ki gaya wa ɗalibanki wannan tarihi ko da a taƙaice ne, domin yaron da ya san an kusa rasa abu yakan saurare shi da wata irin nutsuwa.

A irin waɗannan makarantu, safiya tana farawa ne a bakin ƙofa. Yara su jeru a waje, su rera oli, wata waƙar baka marar kiɗa, suna neman izinin shiga. Malami yana tsaye daga ciki yana sauraro. In ya ji muryoyin sun haɗu, hankalin yaran ya dawo wuri guda, sai ya amsa da tasa waƙar ya ce su shigo. In bai gamsu ba, sai su sake. Al'adar ta fito ne daga gidajen koyon rawar hula, inda almajiri ba ya faɗawa ɗakin karatu kai tsaye.

Game da labarin farawa, ni dai Haloa nake zaɓa, duk da cewa Pele da Maui sun fi shi suna a duniya. Ga yadda yake. Wakea, wanda suke dangantawa da sararin sama, da Ho'ohokukalani sun haifi ɗansu na fari, sai ya zo ba rai. Aka binne shi kusa da gida. Daga kabarin wani tsiro ya fito mai dogon kara da faffaɗan ganye mai kaɗawa in iska ta taɓa shi. Wannan tsiro shi ne kalo, abin da muke kira gwaza. Daga baya suka sake haihuwa, namiji lafiyayye, aka sa masa suna Haloa don tunawa da wansa, kuma daga gare shi ne mutanen Hawai'i suke jawo salsalarsu. Ke nan a wajensu gwaza wa ne, mutum ƙane. Wa yana ciyar da ƙane, ƙane yana kula da wa.

Dubi abin da ke biyo bayan labarin a darasi. Akan kai yara lo'i, fadamar gwaza da ake ratsa ruwan rafi ta cikinta. Akwai guda a Kanewai, cikin harabar Jami'ar Hawai'i da ke Manoa, da ta saba karɓar 'yan makaranta. Yara su tuɓe takalma su shiga taɓo har gwiwa, su cire ciyawa, su tattake ganye cikin laka ya zama taki. Mai kula da gonar ya tuge gwaza guda, ya yanke kan saiwar haɗe da guntun kara, ya nuna musu cewa wannan yankin ne ake mayarwa ƙasa ya sake tsirowa, saboda haka gwazar da ke hannunsu ci gaban wadda kakanni suka shuka ce. Sai a dafa saiwar, a ɓare, a ɗora kan faffaɗan katako, a riƙa dakawa da dutse ana yayyafa ruwa har ta yi laushi da danƙo, kamar sakwara mai ruwa-ruwa. Wannan shi ne poi. Kuma akwai ladabin da ke tare da shi: muddin kwanon poi yana buɗe a gaban iyali, ba a faɗa, ba a ɗaga murya, domin babban wa yana wurin. Yaro ya tashi daga wannan darasi ya san labari, ya san noma, ya san yadda ruwa ke bi daga dutse ya ratsa gona ya koma rafi, ya kuma san ladabin cin abinci. Labarin nan yana da ƙarfi har yau. Lokacin da Jami'ar Hawai'i ta yi rajistar mallakar wasu irin gwaza guda uku, manoma da 'yan ƙasa sun tashi tsaye suna cewa ba a mallakar ɗan'uwa, kuma a 2006 jami'ar ta janye rajistar.

Sa'arki ita ce gwaza ba baƙuwa ba ce a kasuwanninmu. Ki sayo guda mai kai, ki kawo aji, yara su taɓa, ku dasa a bokiti ko a bayan aji inda ruwa ke kwanciya, su riƙa auna tsawon ganyen kowane mako. Sai dai ki ja musu kunne kada kowa ya ɗanɗana ɗanya, tana ƙaiƙayin baki da maƙogwaro.

Daga nan sai Pele, wadda a imaninsu ita ce mai wutar duwatsu masu aman wuta. Labarin ya ce daga wata ƙasa mai nisa da suke kira Kahiki ta taso, yayarta Namakaokaha'i mai teku tana biye da ita da fushi. Ta sauka a tsibiran arewa maso yamma, ta haƙa rami don ta ajiye wutarta, teku ta cika ramin. Ta matsa O'ahu, haka. Ta matsa tsibiran Moloka'i da Maui, haka. Sai da ta kai babban tsibirin Hawai'i, can ƙarshen kudu maso gabas, ta sami ramin Halema'uma'u a kan dutsen Kilauea, inda ruwa bai kai ba, ta zauna. Ki ba yara taswira su bi sawunta da yatsa, sannan ki rubuta musu shekarun tsibiran kamar yadda masana duwatsu suka auna: Kaua'i kimanin shekara miliyan 5, suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, har zuwa babban tsibirin da bai wuce miliyan guda ba, wanda har yanzu ƙaruwa yake yi. Hanyar Pele da jerin shekarun sun zo daidai. Bayanin kimiyya shi ne akwai wata matattarar zafi can ƙarƙashin ƙasa da ba ta cika motsi ba, ɓawon ƙasar da ke ɗauke da tekun kuma yana jan jiki zuwa arewa maso yamma, kimanin santimita 7 zuwa 10 a shekara, don haka tsohon tsibiri yakan gusa ya huce, sabo ya ɓullo a bayansa. Mutanen da ba su da na'urar aune-aune sun lura cewa tsibiran can sun tsufa sun zaizaye, na nan kuwa ɗanye ne, suka adana abin da suka gani cikin labari. Wannan yana burge ni ƙwarai, kuma ina so yara su ji girman basirar da ke ciki.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Cikin doguwar ƙissar Pele da ƙanwarta Hi'iaka, Pele ta aiki ƙanwar zuwa Kaua'i ta ɗauko mata masoyinta Lohi'au, ta ba ta kwana 40, Hi'iaka kuma ta roƙi a kula mata da kurminta na itatuwan lehua a yankin Puna. Da ta yi jinkiri, Pele ta ƙone kurmin, daga baya ta kashe Lohi'au, Hi'iaka ta shiga haƙa ƙasa da ƙarfi tana neman gawarsa, duwatsu na tashi sama. Wani masanin duwatsu na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, Don Swanson, ya wallafa nazari a 2008 inda ya nuna cewa ƙonewar kurmin ta yi daidai da wata gagarumar malalar narkakken dutse da ta shafe shekaru kusan 60 tana gudana a ƙarni na 15, haƙar Hi'iaka kuma ta yi daidai da ruftawar saman Kilauea da ta biyo baya. 'Yan aji shida za su iya ɗaukar wannan. Ki kuma tuna musu cewa wutar nan tana nan: a 2018 aman Kilauea ya cinye gidaje fiye da 700 a Puna, dutsen Mauna Loa kuma ya yi aman wuta a Nuwamban 2022, karo na farko tun 1984. Akwai iyalai a yankin da suke kiran Pele kakarsu, suna ambaton ta da ladabi.

Maui ba zai ba ki wahala ba, yara sun riga sun ƙaunace shi. Labari uku sun isa. Na farko, rana tana gudu da sauri har tufafin ɓawon itace da mahaifiyarsa Hina ke bugawa ba sa bushewa, sai ya hau dutsen Haleakala ya ɗana wa rana igiya, ya riƙe ta har ta yarda ta riƙa tafiya a hankali rabin shekara. Daga nan sai ki shiga bayanin tsawon yini da gajartarsa. Na biyu, ya jefa ƙugiyarsa ya jawo tsibirai daga ƙarƙashin teku, kuma ƙugiyar tana nan a sama cikin taurarin da wasu al'ummu ke gani kamar wutsiyar kunama. Na uku, ya matsa wa tsuntsuwar ruwa 'alae har ta faɗa masa sirrin kunna wuta, ya goge mata goshi da itacen wuta, shi ya sa goshinta ja ne har yau. Yara za su ce ai wannan Gizo ne. Ki bar su su kwatanta, kwatancen yana da amfani, amma ki kai su ga bambancin: wayon Gizo yawanci don cikinsa ne, na Maui kuwa mutane ne ke cin moriyarsa, kuma sunan Maui yana cikin salsalar sarakuna, abin da ba mai yi wa Gizo.

Nan ne ma ya kamata ki yi hattara da kalmar tatsuniya. Mu in mun ce "ga ta nan, ga ta nanku", kowa ya san abin da zai biyo baya ƙirƙira ce, shi ya sa muke rufewa da "ƙurunƙus". Su ma suna da irin wannan, suna kiran sa ka'ao. Amma akwai mo'olelo, wanda ya haɗa tarihi da labarin wuri da na zuri'a, kuma da yawa daga labaran Pele da Haloa a nan suke. Akwai kuma Kumulipo, waƙar asalin halitta da salsalar sarauta mai layi fiye da 2,000, wadda aka riƙa haddacewa baki da baki. Ta fara daga duhu, halitta ta farko da ta ambata ita ce ƙwaron murjani, sannan ta riƙa jero halittun ruwa da na tudu bibbiyu. Sarki Kalakaua ya sa aka buga ta a 1889, ƙanwarsa Lili'uokalani kuma ta fassara ta zuwa Turanci lokacin da ake tsare da ita bayan an raba ta da mulki, aka buga fassarar a 1897. Abin da sarauniya ta zauna ta fassara a tsare ya wuce a kira shi hirar dare. A aji, ki ce "labaran mutanen Hawai'i", ya wadatar.

Sai maganar alloli, wadda na san ita ta fi damun ki, kuma damuwar tana kan hanya. Tsohon addininsu yana da manyan abubuwan bauta huɗu, Kane da Ku da Lono da Kanaloa, da wasu masu yawa ƙarƙashinsu. Akwai kuma 'aumakua, kakannin da suke ganin suna dawowa cikin siffar wata dabba su tsare zuri'arsu, kamar babban kifin teku ko mujiya. Za ki ga yara sun zaro ido in sun ji mujiya, tunda mu ba haka muka ɗauke ta ba, kuma wannan kansa darasi ne. Shawarata ita ce ki riƙa jingina kowace magana ga masu ita: "mutanen Hawai'i na dā sun yi imani cewa", "a labarinsu an ce". Sanin abin da wata al'umma ta yarda da shi daban, yarda da shi daban, kuma yaro ɗan shekara goma yana iya gane wannan sarai in an faɗa masa a fili. Kada ki sa yara su rera addu'o'insu ko waƙoƙin kiran abin bauta, kada kuma ki sa wani yaro ya fito a matsayin Pele ko Lono a wasan kwaikwayo. Wannan zai sosa ran iyayen ɗalibanki, kuma su ma masu abin da yawa ba sa jin daɗin a mai da shi wasa. Haka nan kada ki bari aji ya koma wurin dariya da "arnan tsibiri". Da yawa daga 'yan asalin Hawai'i a yau Kirista ne, wasu suna riƙe da tsohuwar hanya, wasu sun haɗa, kuma dukkansu suna girmama labaran a matsayin gadon kakanni. Ki rubuta wa iyaye 'yar takarda kafin ki fara, ki sanar da shugaban makaranta, ki faɗi abin da za a koya da abin da ba za a yi ba. Rigakafi ya fi magani.

Ki kuma tace. Asalin wasu labaran na manya ne. Dangantakar Wakea da Ho'ohokukalani tana da ɓangaren da bai dace da 'yan firamare ba, labaran Kamapua'a, wani gwarzo mai rikiɗa ya zama alade, cike suke da zancen da ba na yara ba, akwai kuma batun yanka mutane a wasu wuraren bautar sarakuna. Malaman can ma suna zaɓe gwargwadon shekarun yaro. Tsallake wani sashe ba laifi ba ne, abin da ba shi da kyau shi ne a canza labarin a ce haka yake.

Akwai kayan da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido da sunan al'adar Hawai'i, ki nisance su. Siket ɗin busasshiyar ciyawa daga tsibiran Gilbert ya shigo. Masu hula na dā tufafin ɓawon itace suke ɗaurawa, daga baya aka saba da ɗanyen ganyen wani tsiro da suke kira ti. Rigar ƙoƙon kwakwa ba tasu ba ce. Ƙaramar garayar nan ukulele ta samo asali ne daga kayan kiɗan da 'yan Fotugal na tsibirin Madeira suka zo da su a 1879, ko da yake ta zama 'yar gida. Zancen cewa duk wanda ya ɗauki dutse daga Kilauea tsinuwar Pele za ta bi shi, a ƙarni na 20 ya ɓullo, duk da cewa doka ta hana ɗaukar dutse daga gandun gwamnati da Kilauea ke ciki. Hula kuwa karatu ce da ake shekaru ana yi a gaban malami, kowane motsin hannu yana fassara kalmar waƙa. Ka'ahumanu, mai riƙon sarauta, ta hana yin ta a bainar jama'a a 1830, Kalakaua ya dawo da ita fili a zamaninsa, kuma bikin Merrie Monarch da ake yi kowace shekara a Hilo don tunawa da shi ne. Ki nuna wa yara bidiyon bikin su ga yadda ake buga ipu, wanda da duma ake yin sa, maimakon ki ce su tashi su karkaɗa ƙugu.

In kina neman abin da za su yi da jikinsu, ga wasannin Makahiki. Lokaci ne na kusan wata huɗu da ke farawa in taurarin Makali'i sun ɓullo da magariba wajen watan Nuwamba, taurarin da mu muke kira kaza da 'ya'yanta. A lokacin ana ajiye yaƙi, a biya haraji, a huta, a yi wasanni, kuma makarantu da yawa a can suna raya shi duk shekara. Akwai jan igiya, akwai 'ulu maika inda ake gangara faifan dutse ya ratsa tsakanin turaku biyu, akwai konane da ake yi da baƙaƙe da fararen tsakuwa ana tsallake na abokin wasa ana cinyewa. Duk ana iya yin su a filin makaranta ba tare da an kashe ko sisi ba, kuma ba ibada a cikinsu in wasan kawai aka ɗauka.

Taurarin nan za su kai ki ga Hokule'a, kwalekwalen gargajiya mai gangar jiki biyu da ya tashi daga Hawai'i zuwa Tahiti a 1976, tafiyar kusan kilomita 4,000, ba tare da na'urar nuna hanya ba. A lokacin ilimin ya ɓace a Hawai'i, sai da aka gayyato Mau Piailug daga ɗan tsibirin Satawal ya ja ragama, yana karanta taurari da igiyar ruwa da tsuntsaye. Nainoa Thompson ya koya a wurinsa, ya ja tafiyar da kansa a 1980, kuma daga 2014 zuwa 2017 kwalekwalen ya zagaya duniya. Kafin 1976 akwai masanan da ke cewa iska ce kawai ta watso kakannin mutanen nan tsibiran bisa tsautsayi. Tafiyar ta nuna cewa labaran da ke cewa kakanni sun yi ta kai da kawowa tsakanin Kahiki da Hawai'i abu ne mai yiwuwa.

Furta sunayen ba zai wahalar da yaranmu ba. Haruffan harshen 13 ne kacal, wasula biyar irin namu, kuma alamar da kike gani a Hawai'i da O'ahu ita ce tsayawar maƙogwaro da muke yi a "sa'a" da "jama'a". Suna da dogon wasali da gajere kamar yadda muke da su. Ki sa yara su karanta sunan gaɓa-gaɓa kamar Hausa, za su fi Bature kusantar daidai.

Wajen zaɓen littafi ko shafin intanet, ki duba abu biyu: an faɗi tsibiri ko yankin da labarin ya fito, kuma an faɗi daga bakin wa aka ji shi? Ayyukan Mary Kawena Pukui abin dogaro ne. Ita ce ta yi ƙamus na harshen tare da Samuel Elbert a 1957, ta kuma tattara karin magana kusan 3,000 da aka buga a 1983. Ɗaya daga ciki yana cewa ilimi ba ya ƙarewa a makaranta guda, kuma suna kawo shi ne in an sami ruwayoyi biyu na labari ɗaya, abin da za ki ci karo da shi sau da yawa. Gidan tarihi na Bishop da ke Honolulu da makarantun Kamehameha suna da kayan koyarwa, laburaren Ulukau kuma a buɗe yake kyauta a intanet.

In makonni huɗu gare ki, ki ba taswira da tarihi na farko, Haloa da dashen gwaza na biyu, Pele na uku, Maui da taurari da wasanni na huɗu. In mako guda kawai shugaban makaranta ya ba ki, ki ɗauki taswira da Haloa da tafiyar Pele, ki bar Maui ya zama hirar ranar Juma'a kafin a tashi.